Tumatir na kwanciya a tire tun kafin lokacin dashe, ina gyaran yake?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san renon iri. Saboda ruwan Satumba da ke dukan fangali, na zuba irin tumatir da tattasai a tire mai rami 128 a cikin ɗaki. Ƙasar lambu ce na haɗa da takin shanu, ina ba su ruwa safe da yamma, taga ɗaya ce a ɗakin. Tsiro ya fito lafiya, amma kafin ya yi ganye na uku sai gindin ya sirance kamar an shaƙe shi da zare, ya kwanta, ganyen kuma kore shar. Daga rami ɗaya yake bin na kusa da shi. Wane magani zan fesa?

Malam Sani Mai Lambu:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Gaskiyar da ba a son ji ita ce wanda ya kwanta ya tafi, babu feshin da zai tashe shi. Ruɓewar gindi ce, kuma ƙwayoyin cuta dangin fumfuna da ke zaune a ƙasa ne ke kawo ta. Manyansu su ne Pythium da Rhizoctonia, sai Fusarium da Phytophthora. Ciro guda ka duba. In gindin ya yi laushi, ya yi ruwa-ruwa, fatar saiwa na saluɓewa in ka ja, galibi Pythium ne. In ya bushe ya yi ja-ja ya tsuke daidai bakin ƙasa, ya fi kama da Rhizoctonia. In kuwa an datse karan ne fit, to gyare ne ko tsutsa, wannan wata magana ce daban.

A abin da ka zayyana, ƙasar ce laifi na farko, ruwa na biyu. Ƙasar lambun da aka saba noma tumatir ko barkono a kanta ba ta rasa waɗannan ƙwayoyi, kuma a ramin tire takan daskare ta riƙe ruwa. Haɗin da ya fi: kwano biyu na ƙasar sama da aka tankaɗe, kwano ɗaya na taki da ya ruɓe sarai har ba ya wari ba ya zafi, kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka babbake ya yi baƙi amma bai zama toka ba. In babu ɓuntu, yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa ya wadatar. Ka jiƙa haɗin ka dunƙule a hannu: ya dunƙulu, ruwa bai ɗiga ba, ka taɓa shi ya warwatse.

Sai a turara shi. A yi wa rabin duro ƙafa da bulo, a zuba ruwa kamar tsawon yatsa a ƙasa, a ɗora ƙarfe mai huji-huji sama da ruwan, a shimfiɗa buhun algarara, a zuba ƙasar da danshinta, a rufe. Yadda ake turara dambu ke nan. Ana so tsakiyar ƙasar ta kai digiri 70 zuwa 80 ta zauna a haka minti 30, lissafin kuma daga lokacin da tsakiyar ta yi zafi yake farawa, ba daga hura wuta ba. Kada kaurin ƙasar ya wuce taƙi ɗaya, in ba haka ba gefe ya dahu tsakiya na nan ɗanye. Soya ƙasa a busasshiyar tukunya kuskure ne, domin zafi mai yawa na sakin gishirin da ke ƙona saiwa. In ta huce a zuba ta a sabon buhu, kada a juye ta a dandariyar ƙasa, kada kuma a taɓa ta da shebur ɗin gona. Ƙasar da aka turara babu ƙwayoyin kirki da za su yi gogayya da cutar, shi ya sa in ta sake shiga takan fi ɓarna.

Hajiya Maman Ilham:
Malam Sani ya gama magana a kan ƙasa, amma ni a ganina ban ruwan nan na safe da yamma ya fi komai illa. Pythium yana da 'ya'ya masu iyo a cikin ruwa, da haka yake tashi daga rami zuwa rami. A cikin ɗaki babu rana babu iska, ruwan da ka zuba da yamma yana nan har gari ya waye, gindin tsiro ya kwana a jiƙe. Ka daina bin agogo. Ɗaga tiren ka ji nauyinsa, in ya yi sauƙi kuma saman ƙasar ya fara haske, sai ka ba shi, da safe kawai. Mafi kyau ka sa tiren a faffaɗan daro mai ruwa kamar santimita 2, ka bar shi minti 10 zuwa 15 ya sha ta ƙasa, ka ɗauke ya tsane. Ruwan daro ɗaya kada ya zagaya tire mai cuta da mai lafiya.

Ruwan ma a duba daga ina yake. Na kududdufi da na kwatar ban ruwa suna ɗauke da cutar. Na rijiyar burtsatse ko na famfo ya fi.

Sai ɗakin kansa. Taga ɗaya ba ta isa ba. Tsiron da bai sami haske ba yakan yi tsawo ya yi siriri, fatarsa ba ƙwari, shi cutar ta fi kamawa. Ɗaki na da amfani ne kwana huɗu zuwa shida na farko kafin tumatir ya ɓullo, tattasai kuwa yakan kai kwana goma ko fiye. Da zarar ka ga kan tsiro, cire duk abin da ka rufe tiren da shi, leda ce ko buhu, ka fitar da shi ƙarƙashin rumfa mai rufin farar leda, gefe a buɗe, ruwan sama ba ya dukansa amma rana da iska na ratsawa. Ɗora tiren a kan benci ko gadon kara, kada ya zauna a ƙasa. In dole ne ya zauna a ɗaki, to a bakin taga, da fanka tana kaɗawa a hankali.

Ƙwaya ɗaya a kowane rami, zurfin rabin santimita zuwa ɗaya. Irin da aka binne da zurfi yakan daɗe a ƙasa, wani ya ruɓe tun bai fito ba, mai shi ya ɗora laifi a kan mai sayar da iri. Kuma a guji yuriya a wannan mataki. Bayan ganye na gaskiya ya fito, wato wanda ke biyo bayan ganye biyun farko na tsiro, ƙaramin cokalin shayi na NPK 15-15-15 a lita 10 na ruwa, sau ɗaya a mako, ya isa.

Abu Hafsat:
Tunda magani ka tambaya, Yaya, ga inda yake da amfani: a jikin iri, kafin shuka. Irin gwangwani ko na fakiti da ka gani da launin ja ko kore ko shuɗi an riga an wanke shi da magani, kada ka ƙara masa komai. Irin da aka ajiye daga gona shi ke buƙata. Maganin iri mai suna Apron Star na ɗauke da sinadarin metalaxyl-M mai maganin Pythium, da difenoconazole mai maganin wasu fumfuna, da kuma maganin ƙwari. Ƙa'idarsa giram 10 ga iri kilo 4, wato a giram 10 na irin tumatir, wanda ya kai ƙwaya dubu uku, abin da kan ashana zai ɗauka ma ya yi. A sa safar hannu, a nisanta shi daga yara. A sani kuma metalaxyl shi kaɗai ba ya taɓa Rhizoctonia, shi ya sa wani zai fesa ya ga babu canji.

Mai ma'aunin zafi na iya jiƙa irin tumatir a ruwa mai digiri 50 na minti 25, ya tsoma a ruwan sanyi, ya shanya a inuwa. Wannan na rage cututtukan da ke bin iri. Ba da ka ake yi ba, digiri biyu ko uku a sama na iya kashe irin.

Tsohon tire kuma a wanke ƙasar jikinsa da sabulu tukuna, domin bilic, wato ruwan da ake faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta da shi, ba ya aiki a kan datti. Sannan a jiƙa shi minti 30 a bilic: in na kashi 3.5 cikin ɗari ne, awo ɗaya a ruwa awo shida. A ɗauraye sosai a shanya a rana.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri. To tiren da cutar ta riga ta shiga fa, a zubar duka?

Malam Sani Mai Lambu:
Ya danganta da yawanta. In ramuka kaɗan ne a gefe guda, ƙwaƙule su da ƙasarsu, har da na kewaye da su ko da suna tsaye, ka kai nesa ka binne, ban da ramin taki. Ware tiren daga sauran, fitar da shi iska, ka hana shi ruwa har saman ƙasar ya bushe. In ta ci kamar kashi ɗaya cikin uku, sake zuba sabo ya fi, tunda tumatir mako uku zuwa huɗu ne ya isa dashe, ba ka makara ba. Wanda ya tsira da tabo a gindi kada ka kai shi gona, karansa ya riga ya tsuke, ba zai yi ƙwari ba. Ragowar ƙasar da ke buhu kuma sai an turara ta kafin ta shiga wani tire.