Neman shawara kan haɗa ruwan sigarin lantarki a gida

Baban Khalifa, Tudun Wada

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na shafe shekara 14 ina shan sigari, har ta kai ina ƙarar da kwali guda a yini, amma yau wata bakwai ke nan rabona da kunna ko kara ɗaya, tun lokacin da wani abokin aikina ya ba ni sigarin lantarki na gwada. Tarin asuba da ya addabe ni ya lafa, uwargida kuma ta daina ƙorafin warin da ke kama labule da kayan sawa. Abin da ya dame ni yanzu shi ne ruwan da ake zubawa a cikinsa. Ban da tsada, kwanan baya na sayi kwalabe biyu masu rubutu iri ɗaya a wurin mutum ɗaya, ta farko ta shaƙe ni har idona ya yi ruwa, ta biyun kuwa kamar iska nake zuƙa.

Wannan ne ya sa nake tunanin in riƙa haɗa nawa a gida, domin in san abin da nake shaƙa, in kuma riƙa rage nikotin da hannuna. Na ga ana sayar da gilisarin ɗin da mata ke shafawa lokacin hunturu, na kuma ga filebo iri-iri a wurin masu kayan kek a Kasuwar Barci. Shin waɗannan za su yi? Yaya ake lissafin nikotin, kuma me ya kamata in fara saya? Ina da yara uku a gida, ƙaraminsu bai cika shekara biyu ba, don haka ina roƙon wanda ya san abin ya faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Mai Kemis, Kawo

Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, Allah ya ƙara maka ƙarfin gwiwa a kan barin sigari. Haɗin kansa ba shi da wuya, domin abubuwa huɗu ne kawai: gilisarin na tsirrai wanda ake kira VG, da furofilin gilaikol wanda ake kira PG, da sinadarin ɗanɗano, sai nikotin ga mai buƙata. Inda gizo ke saƙar a garinmu shi ne sanin ainihin abin da ke cikin kwalbar da aka miƙo maka, kuma a nan nake so in tsaya.

Gilisarin na shafawa ba zai yi ba, ko da mai shago ya rantse maka cewa zalla ne. Yawancinsa an gauraya shi da ruwa, ko turaren fure, ko wani mai, kuma an yi shi ne domin fata. Wanda kake nema shi ne mai darajar haɗa magani, wanda za ka ga an rubuta USP ko BP a jikin mazubinsa, da lambar rukuni da ranar lalacewa, a rufe yadda kamfani ya rufe shi. Haka ma PG. Kada ka yarda a tsiyayo maka daga jarka ko duro a zuba a gorar ruwa, kamar yadda masu sayar da sinadaran sabulu ke yi, domin akwai na masana'antu da ake amfani da shi a fenti da na'urorin sanyaya, kuma ido ba ya bambanta su.

Ba tsoratar da kai nake yi ba, abin ya taɓa faruwa a ƙasar nan. A ƙarshen shekarar 2008 aka fara kai jarirai asibitoci ƙodarsu ta daina aiki, kuma jihar Kaduna tana cikin wuraren da abin ya shafa. Da aka bincika, sai aka gano cewa maganin haƙoran yara mai suna My Pikin yana ɗauke da gubar dayetilin gilaikol, wadda ita ma ruwa ce mai kauri, marar launi, mai ɗan zaƙi, kamar PG sak. Yara 84 aka ba da rahoton sun rasu, hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, daga baya kotu ta yanke hukunci. Irin wannan guba ce kuma aka samu a magungunan tari da suka kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Idan masu haɗa magani za su iya faɗawa wannan rami, to mutum ɗaya a ɗakinsa ya fi kusa da shi. Saboda haka ka nemi mai sayarwa ya nuna maka takardar shaidar gwajin wannan rukunin, ka duba lambar da ke takardar ta yi daidai da wadda ke jikin mazubin. Wanda ya fara kame-kame idan ka tambayi takarda, ka yi masa sallama.

Batun filebo kuwa, ka cire na kek daga lissafi. Abin da ciki ke narkarwa daban, abin da huhu ke ɗauka daban. Da yawa daga cikinsu an narkar da su a mai, wasu da sukari da kala, kuma mai idan ya shiga huhu yana iya taruwa ya haddasa wani nau'in ciwon huhu mai wuyar magani. Wannan gargaɗi ya haɗa da man turare, da man kanumfari, da man na'a-na'a, da zuma, duk da cewa muna ganinsu a matsayin abubuwa masu tsabta. A Amurka daga 2019 zuwa farkon 2020 an kwantar da mutane sama da 2,800 a asibiti, 68 suka mutu, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta danganta mafi yawan abin da wani sinadari mai kama da mai na bitamin E da aka gauraya a ruwan zuƙa na wiwi da ake sayarwa a ɓoye. Ɗanɗanon da za ka saya sai wanda aka yi musamman domin wannan aiki, aka narkar da shi a PG. Ko a cikinsu ka guji masu ɗanɗanon bota da kirim idan ba a bayyana cewa babu dayasetil a ciki ba, domin shi ne sinadarin da aka danganta da lalacewar huhun wasu ma'aikatan kamfanin gugguru a Amurka, kuma an hana sa shi a ruwan sigarin lantarki a Ingila tun 2016.

Injiniya, Barnawa

Duk abin da Mai Kemis ya faɗa haka yake, ni dai zan ƙara da ɓangaren aikin hannu, tunda na kusa shekara biyu ina haɗa nawa. Ka tanadi ƙaramin sikeli mai auna har 0.01 na giram, irin na masu sayar da zinariya, da sirinji sababbi, kowane sinadari da nasa, da safar hannu ta roba, da kwalabe masu murfin da sai an danna kafin ya buɗe, da littafin rubutu. Littafin nan kada ka raina shi, domin ranar da haɗi ya yi maka daɗi ba za ka iya maimaita shi ba idan ba ka rubuta ba.

VG shi ne mai kauri, shi ke ba da tururi mai yawa. PG kuwa tsinkakke ne, shi ke ɗaukar ɗanɗano, shi ke ba da ɗan kartar maƙogwaron da tsohon mashayin sigari ya saba da ita. Idan na'urarka ƙarama ce, ka fara da rabi da rabi, domin ruwa mai kauri sosai ba ya saurin jiƙa audugar da ke cikin na'urar, sai ka ji ƙauri a baki. Manyan na'urori ne ke son kashi 70 na VG da 30 na PG.

Ga lissafin. A ce kana son mililita 30 mai ƙarfin miligiram 3 a kowace mililita. Ka ninka 30 sau 3, ka samu miligiram 90, wannan shi ne duka nikotin ɗin da kwalbar za ta ɗauka. Idan nikotin ɗin da ka saya mai miligiram 20 ne a kowace mililita, sai ka raba 90 gida 20, ka samu mililita 4.5. Ɗanɗano a kashi 8 cikin ɗari zai zama mililita 2.4. Idan su biyun a PG aka narkar da su, sun riga sun cinye 6.9 daga cikin 15 na rabon PG, saura 8.1, sannan ka cika da 15 na VG. Mai aiki da sikeli ya tuna cewa mililita ɗaya ta VG tana da nauyin kusan giram 1.26, ta PG kuma kusan 1.04, don haka 15 ɗin nan na VG zai nuna maka 18.9 a sikeli.

Shawarata ita ce haɗinka na farko ya kasance mililita 10 ba tare da nikotin ba, da ɗanɗano ɗaya tak, har hannunka ya faɗa. Kuma kada kwaɗayin araha ya kai ka ga sayen nikotin mai miligiram 100 a kowace mililita. Ni na yi wannan kuskuren a farkon farawata. Wata rana da daddare an ɗauke wuta, ina aiki da fitilar waya a baki, ba safar hannu, sai sirinji ya kufce, ruwan ya zubo mini a tafin hannu da wuyan hannu. Na goge da tsumma na ci gaba, ban wanke ba. Kafin in gama rufe kwalabe sai gumi ya keto mini, zuciyata tana bugawa, ɗakin yana juyawa, na yi amai sau biyu a bakin rariya. Tun daga ranar ban sake haɗi da dare ba, ban kuma sake sayen wanda ya wuce 20 ba, wanda dama shi ne iyakar da dokar Tarayyar Turai ta sa wa ruwan da ake sayar wa jama'a.

Bayan ka haɗa, ka girgiza sosai, ka rubuta kwanan wata da ƙarfinsa a jiki. Ɗanɗanon 'ya'yan itace yakan daidaita cikin kwana biyu ko uku, na taba yana son mako biyu ko fiye. Zafi da haske da iska suna lalata nikotin, ya yi duhu ya riƙa yaji a maƙogwaro, saboda haka a zafin Maris da Afrilu kada ka bar kwalba a mota ko kusa da taga.

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Baban Khalifa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya tsaya mini a rai a duk bayaninka shi ne yaron nan da bai cika shekara biyu ba. A ɗakin yara mun sha karɓar waɗanda suka sha kananzir da aka zuba a gorar lemo, alhali kananzir wari gare shi. To ina ga ruwa mai ƙamshin mangwaro ko alewa? Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na mai miligiram 100 ɗin da Injiniya ya ambata yana ɗauke da miligiram 500, kuma abin da bai kai haka ba ma yana iya kashe ƙaramin yaro. A watan Disamba na 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York bayan ya sha irin wannan ruwa a gidansu.

Don Allah kada ka sa shi a firijin gida kusa da zoɓo da kunun aya, kada kuma ka dogara da saman kabad, domin yara suna hawa kujera. A akwati mai kwaɗo za ka ajiye, mabuɗin yana aljihunka, kuma ka yi haɗin lokacin da yara ba sa nan. Ka sanar da uwargida abin da ke ciki da alamomin gubarsa: amai, dalalar miyau, gumi, rawar jiki, kasala. Idan tsautsayi ya faru kada a ɗura wa yaro manja ko madara, kada a sa masa yatsa a baki, a ɗauke shi a tafi asibiti nan take tare da kwalbar. Idan a fata ya zuba, a cire rigar a wanke da ruwa da sabulu.

Ina kuma roƙonka ka riƙe niyyar da ka ambata ta ragewa. Tururin nan ya fi hayaƙin sigari ƙarancin sinadarai masu cutarwa saboda babu ƙonewa a ciki, amma huhu iska aka halitta masa, kuma na'urar ba ta daɗe a duniya ba, a 2003 wani mai harhaɗa magani ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙera irin wadda ake amfani da ita yanzu. Ka sa wa kanka wa'adi, daga miligiram 6 zuwa 3, daga 3 zuwa babu, kuma kada ka zuƙa a ɗakin da yara ke kwana.

Baban Khalifa, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, kuma yau da yamma zan sayo akwati da kwaɗo kafin komai. Filebon kek da na riga na saya na miƙa wa uwargida ta yi cincin da shi. Na je wurin wani mai sayar da sinadarai a cikin gari, yana da PG a jarka, ya ce mai kyau ne amma takardar tana wurin wanda ya kawo masa daga Legas. Mai Kemis, idan na ɗanɗana ko na shinshina, ko na ɗiga a takarda na gani, ba zan iya gane mai kyau ba?

Mai Kemis, Kawo

Ba za ka iya ba, ɗan'uwa, kuma kada ka sa shi a harshenka. Gubar da na ambata ba ta da warin da zai tona ta, ɗanɗanonta ma mai zaƙi ne, sai na'urar ɗakin gwaji ce ke raba su. Ka bar masa jarkarsa. Ka tambayi kantin magani mai rajista, wanda ke da ƙwararren mai harhaɗa magani a ciki, ko za su iya samo maka VG da PG masu alamar BP ko USP a rufe daga dilolinsu, ka kuma ce a haɗo da kwafin takardar gwajin. Zai iya ɗaukar mako biyu ko uku, kuɗin kuma zai fi na jarka. Kafin su iso, ka ci gaba da sayen wanda ka saba daga wurin da kake samun kwalba a rufe da cikakken rubutu, ka daina komawa wurin mutumin da ya sayar maka da kwalabe biyun nan.