Da tsohuwar zuma ake magani: har da littattafan da muka karanta muna yara?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum. Ɗana ya ga ina ta riƙe da Magana Jari Ce, bango duk ya yage, ya ce Baba me za ka tsinta a littafin 1937? Na ce masa da tsohuwar zuma ake magani. Wani abokina ya ce na ɗora karin maganar inda ba gurbinta ba. Ku raba mu.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba, Malam. Mu dai mun tashi muna jin ana faɗinta a kan mutum. Dattijon da aka ajiye gefe, sai al'amari ya cije a koma a ɗauko shi. Ko uwargida idan amarya ta kasa. Littafi kuwa ba ya ƙara hankali don ya kwana a akwati.

Hajiya Uwar Biyu: Ka dai taƙaita ta, ƙanina. Ita zumar da ta daɗe ba sauyawa take yi ta zama wani abu ba, kawai ba ta lalacewa, shi ya sa ake ajiye ta don ranar ciwo. Ni Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa aka sa mu karanta a makaranta, na ɗauke shi labarin yaron da ya sha wuya ya zama malami. Bayan na haihu na sake buɗe shi. Wallahi ban iya wuce wurin da uwarsa ta bar gida ta ratsa hamada tana nemansa, har ita ma aka mai da ita baiwa, sai da na ajiye littafin na share hawaye. Da ina budurwa ko a jikina. Kalmomin nan ne dai tun 1934, ba a ƙara wasali ko ɗaya ba.

Ɗan Zazzau: To ai kin ba ni gaskiya, Hajiya. Ke ce kika tsufa, ba littafin ba.

Hajiya Uwar Biyu: Tsufa kuma? Allah ya shirye ka.

Bakatsine: Ni fa wata karin maganar ce ta zo mini: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yawancin masu rantsuwa da Ruwan Bagaja ba Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke kewa ba. Fitilar ƙwai suke kewa, da tabarma a tsakar gida, da lokacin da ba su san kuɗin haya ba. Ku ba su littafin yau, shafi goma ba za su kai ba waya ta ɗauke musu hankali.

Malamin Firamare: Akwai irinsu, ban musa ba. Amma ni karanta shi nake yi, ba shinshina ba. Kuma abin da nake nema a ciki yanzu Hausar ce. Yadda Abubakar Imam, a Magana Jari Ce, ke sa aku ya riƙe ɗan sarki da labari har gari ya waye, jimla na jan jimla, babu inda za ka yi tuntuɓe. Ɗalibaina idan suka rubuta insha'i sai ka ji kamar Turanci aka sa wa hula. Shafi ɗaya nake karanta musu da baki kafin su fara, kuma ina ganin bambanci.

Yar Fagge: Don Allah iyayenmu, zumar taku ta tsaya a littattafan da aka buga a Zariya ne? Mu da muka tashi da littattafan soyayya na Kano, muna karɓar haya muna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, a lokacin ce musu ake yi shirme. Yanzu a jami'a ake nazarin Balaraba Ramat Yakubu, ɗaya daga cikin marubutansu. Shekara nawa zuma ke yi kafin a yarda ta tsufa?

Bakatsine: Sai masu zaginta sun yi ritaya.

Ɗan Zazzau: Malam, ka ci gaba da faɗinta ga ɗanka, ban hana ba. Amma ka sai masa sabon bugu, wannan naka ya kusa zama gari.