Sabon Direba da Ayarin Kai Amarya: Shawarwarin da Aka Bayar

Ƙanina bai fi wata biyu da karɓar lasisi ba, ya ce shi zai tuƙa motar gidanmu ranar kai amaryar 'yar yayarmu. Na kawo maganar a majalisa bayan la'asar, ga abin da na tsinta.

Ta fuskar doka, kowa ya yarda lasisin Hukumar Kiyaye Haɗurra lasisi ne, sabo ko tsoho. Amma wani dattijo da ya daɗe yana jan bas ya ce ayari ba titi ba ne: ana tafiya ana tsayawa, 'yan babur suna kutsawa, yara suna tsallakawa da gudu, mata suna guɗa a kujerar baya. Ƙafar da ba ta saba da kuloci ba, a nan ne take ruɗewa. Shawararsa, a sa yaron a ƙarshen ayari, babba ya zauna gefensa, kuma kada ya biye wa masu wasa da mota.

Inshora ce aka fi daɗewa a kanta. Wadda yawancinmu muke yanka, ta naira 15,000 tun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, amma ba ta gyara motarka. Mai cikakkiyar inshora kuwa ya karanta takardarsa, don wasu kamfanoni suna ƙayyade wanda zai tuƙa. Takardun inshora na bogi sun yi yawa, shi ya sa na duba lambar motarmu a shafin NIID, inda ake tantance inshorar motoci a intanet, a daren nan, kafin in miƙa wa ƙanina mukulli.