Abin da muka tattaro kan haɗin halojin a cikin kiristal

To 'yan uwa ga abin da aka tattauna a taƙaice. Haɗin halojin shi ne riƙon da ƙwayar zarra ta ayodin, buromin ko kulorin ke yi wa wani sinadari na kusa da ita.

1. Kusan kowa ya yarda ayodin ya fi riƙo, sai buromin, kulorin kam rauni gare shi. In zoben ƙwayoyin kabon da ke ɗauke da ayodin yana da fulorin, riƙon ya fi ƙarfi, shi ya sa yake jan naftalin ko fenantiren (sinadarai ne masu zoben kabon) su jeru tare.

2. Zafin Maradi matsala ne wallahi, kulorofom, ruwan da ake narkar da sinadaran a ciki don kiristal ya fito, na bushewa da sauri sai ka tarar da gari kawai a kwalba. Aka ce a rufe bakinta a huda ƙananan ramuka, a ajiye inuwa, kar a taɓa.

3. Nan aka rabu: wasu sun ce niƙa sinadaran biyu tare ya isa, wasu suka dage sai an samu kiristal guda an auna.