Kyautar Iris ta Kebek: raya sinima take yi, ko 'yan gida ne ke shafa wa juna mai?

Baban Iman:
Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. Wannan kyautar fina-finai da ake rabawa duk shekara a lardin Kebek na Kanada, wadda yanzu suke kira Iris, biki ne na 'yan gida kawai. 'Yan sana'ar su taru, su zaɓi junansu, su tafa wa junansu, kowa ya kama gabansa. Hujjata ba ta da nisa. A 2022 gidan talabijin na Radio-Canada, wanda ya daɗe yana nuna bikin kai tsaye, ya ce ya daina, saboda masu kallo sun ragu. In mutanen da ake cewa don su ake yin fim ɗin ba za su zauna su kalli rabon kyautar ba, to wa ake yi wa?

Maman Khalil:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka kawo rabin labari ka bar rabi a aljihu. Radio-Canada ta saki, wani gidan ya ɗauka. A Disamban 2023 tashar Noovo ce ta nuna bikin, karo na 25 ke nan. Abin da ya mutu ba ya sauya gida.

Kuma ina so ka fahimci halin da mutanen nan suke ciki, don ni a Montreyal nake zaune, ina gani da idona. Kebek mutum wajen miliyan tara ne, mafi yawansu Faransanci suke yi, an kewaye su da masu Ingilishi sama da miliyan ɗari uku in ka haɗa Amurka da sauran Kanada. Ka shiga gidan sinima nan, yawancin abin da ke bisa allo na Hollywood ne da aka juya muryoyinsa zuwa Faransanci. To sai ka ce ai suna da Faransa, uwar harshe. Ita kuma baƙi ta ɗauke su. Fim ɗin Xavier Dolan, Mommy, da aka kai shi Faransa sai da aka sa masa rubutun Faransanci a ƙasa, wai ba sa gane karin harshen Kebek. A 2024 da Monia Chokri, darakta 'yar Kebek, ta ci César, babbar kyautar fina-finan Faransa, da Simple comme Sylvain, a rukunin fim ɗin ƙasar waje ta ci. In ba su karrama nasu da kansu ba, wa zai yi musu?

Baban Iman:
To ai ke ma kin bar rabi. Les Invasions barbares na Denys Arcand a 2004 ya ci César na gwarzon fim gaba ɗaya, ba na baƙi ba, ya kuma ci Oscar. Mai kyau ba ya ɓuya, ko da kyautar gida ko babu.

Maman Khalil:
Da kuɗin Faransa a cikin wannan fim ɗin, haɗin gwiwa aka yi, shi ya ba shi ƙofar shiga. Kuma Arcand ɗaya ne. Sauran fa? Mai ɗaukar hoto, mai haɗa sauti, mai ɗinka kayan 'yan wasa, su ma a Paris za su jira a kira sunansu?

Auta:
Yaya Baban Iman, ni ina bayanka amma ta wata ƙofar. Abin da ke ba ni dariya shi ne wannan lakabi na kare Faransanci. Fim na farko da ya ci gwarzon wannan kyauta a 1999 shi ne Le Violon rouge na François Girard. Ku je ku kalla. Ingilishi ne da Italiyanci da Jamusanci da Sinanci, Faransancin kaɗan ne, ga Samuel L. Jackson a ciki. A nan Beljiyam inda nake karatu ma haka aka yi. Masu Faransancin ƙasar suka fara ba da kyautar Magritte a 2011, masu Fulamanci, wato harshen arewacin ƙasar, su ma suna da tasu ta Ensor. Fim ɗin da ya ci gwarzo a karon farko, Mr. Nobody na Jaco Van Dormael, da Ingilishi aka yi shi. An kafa runfa don harshe, baƙon farko da aka shimfiɗa wa tabarma da wani harshen ya yi sallama.

Maman Khalil:
Auta, ba wanda ya ce maka jarrabawar nahawu ce. Sharaɗin shi ne fim ya zama na Kebek, mutanen Kebek suka shirya shi. Ni wannan ne ma ya sa nake ganin mutuncinta. A 2013 Rebelle na Kim Nguyen ya ci gwarzon fim, a Kwango aka ɗauke shi, kuma yarinyar da ta ci gwarzuwar 'yar wasa, Rachel Mwanza, a titunan Kinshasa take kwana kafin a ɗauke ta wasan. A shekarar da ta gabace ta Monsieur Lazhar ne ya ci, labarin ɗan gudun hijira daga Aljeriya da ya zama malamin firamare a Montreyal. Ni wannan fim ɗin a ɗakin karatu na unguwarmu na aro shi, shekarata ta farko a ƙasar, ban san kowa ba, ban san sunan darakta ko ɗaya ba. Jerin kyaututtukan da na gani a jikin kwalin ne ya sa na miƙa hannu. Da babu shi da na wuce. Wannan kuma aiki ne, ko ka ƙi ko ka so.

Baban Iman:
Mutum ɗaya a ɗakin karatu ba kasuwa ba ce, Hajiya. Bari in ba ki misalin da ya fi damuna. A 2006 an yi Bon Cop, Bad Cop, jama'a suka yi dafifi, ya tara kuɗin da fim ɗin Kanada bai saba tarawa a gida ba. Da aka zo rabon kyauta a 2007, gwarzon fim sai aka ba Congorama. Mutum nawa suka ga Congorama? Masu zaɓen suna ƙyamar abin da talaka yake so, magana ke nan.

Sannan ki duba inda gwanayensu suke ƙarewa. Denis Villeneuve sun ba shi kyauta a kan Maelström, sun ba shi a kan Incendies, daga 2013 ya tsallaka Hollywood, yau shi ne mai Dune. Jean-Marc Vallée ya kwashe kyaututtuka fiye da goma da C.R.A.Z.Y., sai ga shi yana yin Dallas Buyers Club da Ingilishi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maman Khalil:
Wanda ya tara kuɗi ai ya riga ya karɓi ladansa a ƙofar sinima. Kuma lokacin akwai kyauta ta musamman ta fim ɗin da ya fi sayar da tikiti, Billet d'or, ba a bar shi hannu rabbana ba. In gwarzon fim ma na wanda ya fi ciniki ne, me ya sa za a tara alƙalai? Akawu ɗaya ya isa.

Malam na Maraɗi:
Yara, tun ɗazu nake karanta ku ina murmushi. Ku ba tsoho wuri.

Mu mutanen Nijar mun ɗanɗana wannan abu, ba labari aka ba mu ba. A 1972 da aka fara ba da babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, Étalon de Yennenga, wa ya fara ɗaukarta? Oumarou Ganda, ɗan Nijar, da Le Wazzou polygame, kuma da Zabarmanci 'yan wasansa suke magana. Lokacin ga Moustapha Alassane yana zana hotuna masu motsi tun kafin yawancin Afirka su san ana yi. In ana lissafin sinimar Afirka a wancan zamani, ba a tsallake Nijar. Ganda ya rasu a 1981. Har yau akwai kyauta da sunansa a FESPACO, ta wanda ya yi dogon fim na farko. To ina tambaya, kyautar ta hana gidajen sinimarmu rufewa ɗaya bayan ɗaya? Ba ta hana ba. Muna da kofi a kan kanta, ba mu da kuɗin sayen fim ɗin da za a sa a kamara.

Saboda haka Baban Iman yana da gaskiya ta wani gefe: kyauta ba ta ɗaukar fim. Abin da ke riƙe da sinimar Kebek kuɗin gwamnati ne, na hukumar SODEC ta lardin da na Téléfilm ta tarayya, da kuma dokar harshe ta 1977 da ta sa Faransanci ya zama harshen aiki da makaranta. Wannan shi ne tuwon. Amma ɗana, inda ka kuskure shi ne zaton da ka yi cewa tunda ba ita ce tuwon ba, ba ta da aiki a kwanon. Hukumar da za ta raba kuɗin jama'a sai ta sami abin da za ta kafa hujja da shi. Yaro ɗan shekara ashirin kamar Dolan ya zo da fim ɗinsa na farko, J'ai tué ma mère, 'yan sana'a suka ba shi gwarzon fim a 2010. Gobe in ya shiga ofis neman kuɗi, ba za a bar shi a benci ba.

Maganar tafiyar Villeneuve kuwa, ban ga abin kuka ba. Ɗanka ya tafi birni ya yi suna, ba ka ce haihuwarsa asara ba ce.

Auta:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma Dolan tun a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2009 ya yi suna, kafin na gida su waiwaye shi. Su bin sawu suka yi.

Malam na Maraɗi:
Na karɓa, ka kama ni a nan. Amma Cannes sau nawa za ta kalli Kebek a shekara? Fim ɗaya, biyu in an yi sa'a. Sauran kuma fa?

Hajiya Babba:
Duk kun kewaye abin da ni ya fi tsaya mini a rai. Me ya sa sunan ya koma Iris? Daga 1999 har 2015 Jutra ake ce mata, sunan Claude Jutra, daraktan Mon oncle Antoine, wanda ya mutu a 1986. A Fabrairun 2016 Yves Lever ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, ya ce mutumin yana lalata da yara maza. Kwana kaɗan jaridar La Presse ta buga shaidar wani da ya ce tun yana shekara shida abin ya fara faruwa da shi. Shekara goma sha bakwai ana ɗaga gunki da sunan wannan mutum ana tafi. Ku gaya mini duk cikin tsofaffin sana'ar ba wanda ya taɓa jin ƙishin-ƙishin? In ana neman shaidar cewa 'yan gida ne masu rufa wa juna asiri, Baban Iman, ga ta nan, ta fi lissafin masu kallon talabijin nauyi.

Maman Khalil:
Anti, wannan ba zan kare shi ba, kuma ba na so. Abin da zan ce kawai, da shaidar ta fito ba a yi jan ƙafa ba. Ministar al'adu ta lokacin, Hélène David, ta nemi a cire sunan, aka cire cikin kwanaki. Bikin 2016 haka aka yi shi ba sunan kowa, daga baya jama'a suka zaɓi Iris. Tituna da wurin shaƙatawa masu sunansa duk an sauya.

Malam na Maraɗi:
Ni abin da ya ɗan tsaya mini shi ne saurin. Mutum ya shekara talatin a kabari, ba kotu, ba bakin da zai kare kansa.

Hajiya Babba:
Malam, da girmanka, ba ɗaure shi aka yi ba, ba kuma a ƙona fina-finansa ba. Suna aka cire daga kan kyauta. Karramawa ba gado ba ce da za a ce sai alƙali ya zauna kafin a karɓe. Shi wancan yaron da ya girma da abin a cikinsa, duk shekara ya buɗe talabijin ya ga ana sumbatar sunan, wa ya tambaye shi?

Malam na Maraɗi:
Na yi shiru, Hajiya.

Baban Iman:
To ni dai ban sauka daga kan bakana ba, sai dai na rage. Na yarda tana yi wa 'yan sana'a amfani, mai sauti da mai haske su sami abin rubutawa a takardar neman aiki. Amma cewa jama'ar Kebek sun damu da ita, wannan sai na gani. Ni kaina Incendies bayan na kalli Dune na koma na nemo shi, ba don wata Jutra ba. Maman Khalil, ke da kike can, kada ki taɓa waya ki bincika: wane fim ne ya ci gwarzo a bikin da ya wuce?

Maman Khalil:
Viking na Stéphane Lafleur ya ci a 2023, wannan kam na kalla daga farko har ƙarshe.

Baban Iman:
Ba 2023 na tambaye ki ba.

Maman Khalil:
Yaya, Khalil ya taso daga makaranta, bari in sauke tukunya in dawo.

Auta:
Anti, muna ganin alamar kina kan layi fa.