Muhawara: Fim ɗin The Martian ya fi littafinsa, ko kuwa ya rage masa gishiri?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na gama littafin The Martian na Andy Weir, wanda Malam Bashir ya ara mini tun kafin azumi. Fim ɗin kuwa na kalle shi ya fi sau biyar. Maganata ɗaya ce, kuma a shirye nake in kare ta: fim ɗin da Ridley Scott ya yi a 2015 ya fi littafin. Ga wanda bai san labarin ba, wani ɗan sama-jannati ne mai suna Mark Watney, guguwa ta taso musu a duniyar Mars, abokan tafiyarsa biyar suka ɗauka ya mutu, suka tashi suka bar shi. Littafin rabinsa lissafi ne: ruwa lita nawa, dankali guda nawa, batir zai kai awa nawa. Har sai da na riƙa tsallake shafuka. Fim ɗin ya sheƙe dusar ya bar mana tsaba.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Nura ƙanina, shafukan da ka tsallake ɗin nan ai su ne littafin. Mutum ne shi kaɗai a duniya guda, abincinsa ba zai kai shi ranar da wani kumbo zai dawo ba, ba shi da makamin da ya wuce lissafi. Ni da nake karantawa, duk inda ya ce saura kwana kaza abinci ya ƙare, sai in ji gabana ya faɗi, don na bi ƙirgen tare da shi, na san babu ƙarya a ciki. A fim kuwa sai ka ga ya shuka dankalin turawa, an saka kiɗa, ganye ya fito. Wahalar kwaso ƙasa bokiti-bokiti da haɗa ta da taki an wuce ta cikin minti kaɗan.

Nura: To Anti, fim na kusan awa biyu da rabi ne. So kike a nuna mana yana jidar ƙasa na tsawon awa guda?

Injiniya Auwal: Ku bar maganar dankali tukuna, wannan ƙaramin abu ne. Nura, ka gaya mini, a fim ɗin bayan Watney ya tono Pathfinder, wato na'urar nan da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sauke a Mars a 1997, ya gyara ta ya fara magana da duniya, ya sake rasa hanyar maganar?

Nura: A'a, har ƙarshe suna magana.

Injiniya Auwal: To nan ne aka yi wa littafin babbar ɓarna. A littafi, yana cikin huda rufin mota don shirin doguwar tafiya, sai ya jingina injin hudar a jikin teburin aiki. Wuta ta bi ta teburin ta shiga Pathfinder ta ƙone ta ƙurmus. Kuskuren hannunsa ne, irin wanda duk mai aikin wuta ya san yana faruwa idan gajiya ta yi yawa. Daga ranar ya koma kurma. NASA tana hango shi ta tauraron ɗan'adam, shi kuma yana jera duwatsu a ƙasa yana rubuta musu saƙo, amma su ba su da yadda za su mayar masa da ko kalma ɗaya. A haka ya kama hanyar kilomita 3,200 zuwa ramin Schiaparelli, inda kumbon da zai tashi da shi yake ajiye.

Sai ga guguwar ƙura ta tare hanya. NASA na ganinta ƙiri-ƙiri, yana tuƙi yana nufarta, ba halin su ce masa kauce. Wallahi wannan wurin na karanta shi a tsaye. Aikina haɗa sola ne, na san abin da ƙura take yi. Lokacin hunturu mutum zai kira ni yana faɗa, wai batirinsa ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Na taɓa hawa rufin wani gida a watan Janairu, na ja yatsa a kan faifan, layi ya fito kamar an yi rubutu a allo. Na goge da jiƙaƙƙen tsumma, na sauko na tarar lambar mita ta ɗaga. Hazo kuma ko ka goge faifan, hasken da ke isowa ya riga ya ragu tun daga sama. Haka Watney ya gane. Ya ga wutar da faifansa ke tarawa tana raguwa kaɗan-kaɗan kullum, ya ajiye faifai a wurare uku masu nisa da juna, ya gwada wanne ya fi samun haske, daga nan ya san ta ina guguwar take, ya zagaye ta ta kudu. Babu wanda ya taimake shi. Duk wannan babu shi a fim, ko da minti ɗaya. Haka nan kifewar da motar ta yi da shi a gangaren shiga ramin, ita ma an cire.

Sadiya: Yaya Auwal, na yarda an cire, kuma na ji zafin cirewar. Amma ina bayan Nura ta wani gefen. Watney na littafi kusan ba ya karaya. Komai ya same shi, sai ya yi ba'a ya ɗauko fensir. Mutum ya yi shekara ɗaya da rabi ba ya ganin fuskar kowa, ba ka ji kaɗaici ya taɓa ƙwaƙwalwarsa ba? Fim ɗin ne ya nuna mini mutum. Ku tuna bayan zauren shiga tantin da yake zaune a ciki ya fashe, gonar ta daskare ta mutu. Ya toshe ramin da leda da salatif, dare ya yi, iska na kaɗa ledar tana ƙara, shi kuma yana tsaye yana ƙirga dankalin da ya rage, yana rasa inda ya tsaya saboda tsoro. Matt Damon, wanda ya fito a matsayin Watney, bai ce komai ba a wurin, amma na ga mutumin da ya san leda ce kawai tsakaninsa da mutuwa. Sannan can gaba da aka nuno bayansa, ƙasusuwa duk a waje. Littafin ya gaya mini ya rage cin abinci, fim ɗin ya sa na ga yunwar da idona.

Maman Ilham: Sadiya, ki tuna littafin yawancinsa rubutun da Watney yake ajiyewa ne don waɗanda za su zo bayansa su karanta. Wanda ke rubuta wa mutane wasiyya ba ya zuba musu duk kukansa. Ni ba'ar nan tasa na ɗauke ta a matsayin dauriya.

Sadiya: Haka ne Anti, amma marubuci ne ya zaɓi ya ɓoye mana, kuma ina ganin ya ɓoye da yawa.

Malam Bashir: Na zo a makare, ina aji. Bari in sa baki a kan kimiyyar, tunda ita nake koyarwa. Abu na farko, guguwar da ta buɗe labarin, wadda ta kusa kayar da kumbo, ba za ta yiwu ba. Iskar Mars ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kaurin tamu ba, don haka ko tana gudu sosai ba ta da ƙarfin ture ƙarfe. Andy Weir da kansa ya amsa cewa ya san haka, ya bar ta ne don labarin ya samu mafari. Wannan laifin littafi da fim duk sun yi tarayya a cikinsa. Abin da ya sa nake tare da Auwal shi ne, guguwar da fim ya cire ita ce ta gaskiya: ƙura mai laushi da ke rataye a sama tana tare rana. Irinta ce ta kashe motar Opportunity ta NASA a 2018, bayan ta yi shekara 14 tana aiki da hasken rana. Ke nan sun riƙe guguwar da ba ta yiwuwa, sun jefar da mai yiwuwa.

Nura: Malam, Allah ya ƙara ilimi, ban san labarin Opportunity ba. Amma ƙarshen fim ɗin fa? Kwamanda Lewis, shugabar tawagarsu, ta fita daga kumbo da kanta don ɗauko Watney, shi kuma ya huda safar hannun rigarsa iska na tura shi, suka kamo juna a cikin igiya. Duk sanda na kalla sai tsigar jikina ta tashi.

Malam Bashir: Nura, wurin nan ne ya fi ɓata mini rai. A littafi Watney ya kawo shawarar huda rigar, aka ƙi, domin iskar da ke fita ta tafin hannu juya mutum za ta yi ta yi kamar katantanwa, ba zai iya saita inda ya nufa ba. Abin da Lewis ta ɗauka daga shawarar shi ne a fasa ƙofar kumbon Hermes, wanda abokan tafiyarsa suke ciki, iska ta fita ta rage wa kumbon gudu. Wanda ya fita ya ɗauko shi kuma Beck ne, likitansu, don shi ne aka horar kan aikin fita waje. Kwamanda ta zauna a kujerarta tana ba da umarni. Ma'anar labarin ke nan tun daga farko, kowa ya yi aikin da ya iya. Fim ya ɗauki abin da littafi ya kira ganganci ya mai da shi jarumta.

Sadiya: Malam, a yi mini afuwa, amma Lewis ce ta ba da umarnin a tashi a bar shi. Wata da watanni tana ɗauke da wannan nauyin a zuciya. Idan ba hannunta ne ya kamo shi ba, mai kallo zai fita da sauran abu a ransa.

Malam Bashir: Na fahimce ki, 'yata. Sai dai shugaban da ya bar kujerarsa a lokacin da rayuka shida ke hannunsa don ya wanke zuciyarsa, ni ban ga abin yabo a nan ba.

Maman Ilham: Wani abu kuma da ba a taɓo ba. Venkat Kapoor na littafi, wani babban jami'in NASA, Ba'indiye ne, a fim aka mai da shi Vincent aka ba Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Na ji daɗin ganinsa, ya kuma yi ƙoƙari, amma a lokacin wata ƙungiyar 'yan asalin Asiya a Amurka ta yi ƙorafi, kuma ƙorafinta yana kan hanya.

Injiniya Auwal: Ni abin da zan ba fim ɗin, wanda littafi bai ba ni ba, shi ne ƙasar kanta. Weir ba gwanin siffanta wuri ba ne, zai ce maka dutse da yashi ya wuce. Da suka je Wadi Rum a Jodan suka ɗauko jan hamadar nan, motar ta zama ɗan ɗigo a tsakiyar fili, a nan na san girman abin da mutumin yake ciki. Da a ce sun haɗa wannan hoton da shirun da ya biyo bayan ƙonewar Pathfinder, da ni ne zan fara cewa fim ya fi.

Nura: To ni dai a kan ƙarshen ban sauka ba, ina nan tare da Sadiya. Amma gaskiya babin guguwar nan yana cikin waɗanda na bi da sauri, ban lura da gwajin faifai ukun ba. Malam, a ƙara mini mako guda da littafin, zan koma daga inda injin hudar ya taɓa teburi.

Malam Bashir: Riƙe shi har Juma'a ta sama. Ka karanta da takarda da biro a gefe, ka lissafa da kanka kilomita nawa zai iya yi a rana idan wutar faifan ta ragu da rabi, ka kawo mana amsar a nan.