Masu ajiye littafin ciniki, me ya canza muku?

Mai Jadawali: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa game da ajiye littafin ciniki, ko canjin kuɗi kake yi ta intanet, ko kirifto, ko hannun jari. Tarihin da manhajar ciniki ta MetaTrader ke fitarwa daban ne. Shi zai gaya maka farashin da ka shiga, wanda ka fita, da abin da ka samu, amma bai san hannunka na rawa lokacin da ka danna ba. Ni dai kafin in shiga sai na rubuta dalilin shigar a layi ɗaya, inda na sa iyakar asara, inda zan kwashe riba, sannan halin da nake ciki. Idan ka bari sai ka fita, to zuciya ta riga ta shirya labarin da zai wanke ta.

Uwar Lissafi: Wa alaikumus salam. Ni a Google Sheets nake nawa, kuma shafin da ya fi amfanata shi ne wanda na sa wa suna "da na bar shi fa?". Duk cinikin da na rufe da hannuna kafin ya kai inda na tsara, washegari sai in koma in duba inda farashin ya je. Da na tara su na jera, sai abin ya fito fili: riba tana ɗan leƙowa nake cafke ta don kada ta gudu, asara kuwa in zauna ina yi mata fatan alheri, har in ja iyakar baya wai in ba ta sarari ta numfasa. A gefen irin waɗannan layukan kalma ɗaya ce ke ta maimaituwa: "zai dawo".

Ashe ciwon na kowa ne. Masana harkar kuɗi Shefrin da Statman sun yi rubutu a kansa tun 1985, sannan a 1998 Terrance Odean ya bi diddigin asusu 10,000 na wani kamfanin dillanci a Amurka, ya tarar mutane sun fi saurin sayar da hannun jarin da ya tashi, su rungume wanda ya faɗi. Karanta wannan bai hana ni komai ba, gaskiya. Ganin sa da rubutun hannuna ne ya sa yanzu in na sa iyaka da wurin riba sai in rufe manhajar in tashi.

Ɗan Gajeren Zango: Ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa. Na daɗe ina rubuta "tsoro", "haushi", "zalama", littafi ya cika, asusu na ci gaba da ramewa. Littafi ba ya mayar da dabarar banza ta zama mai kyau. Hukumar ESMA mai sa ido kan kasuwannin hannun jari na Turai ta faɗa a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan 'yan kasuwar CFD, wato ciniki a kan hawa da saukar farashi ba tare da mallakar hajar ba, asara suke yi. Kuna nufin duk rashin biro ne ya kayar da su?

Tsohon Hannu: Ɗan Gajeren Zango, rabin maganarka gaskiya ce, ƙanena. Amma bari in tambaye ka, kana komawa ka karanta abin da ka rubuta? Don rubuta "haushi" kawai ba aiki ba ne, sai ka ga abin da haushin ke sa ka yi, ka kafa masa doka. Ni da na ware cinikin da na yi cikin rabin sa'a bayan an buge iyakata, na ga a nan nake ƙara girman shiga, a nan kuma mafi munin asarata take. Ramuwar gayya ce tsagwaronta, kuma kasuwa ba ta ma san ina fushi da ita ba. Dokar da ta fito daga nan: asara biyu a jere, an tashi kasuwa sai gobe.

Akwai dalilin da ya sa abin ke da ƙarfi haka. Masana halayyar ɗan Adam Kahneman da Tversky, waɗanda suka fitar da nazarinsu a 1979, sun nuna zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa, kusan ninki biyu a ƙiyasin da suka yi daga baya. Lissafi kuma ba ya tausayi: wanda ya rasa kashi 20 na uwar kuɗinsa sai ya ci kashi 25 kafin ya dawo daidai, wanda ya rasa rabi sai ya ninka abin da ya rage.

Batun dabara kuwa, ai littafin ne zai tona ta. Ka raba cinikinka gida biyu, wanda ka bi tsari da wanda ka karya. In gidan farko ma asara yake yi, to dabarar ce ba ta da kyau, ka daina zargin zuciyarka. Ka kuma riƙa auna sakamako da abin da ka sa a haɗari. Mai cin huɗu cikin goma, in kowace riba ninki biyu ce ta asararsa, yana gaba da mai cin bakwai da ke barin asara ɗaya ta haɗiye su duka.

Sarkin Zumuɗi: Ni nawa akasin naku ne. Ranar da na ci uku a jere ita ce ranar haɗarina, don sai in ji kamar ni na ƙera jadawalin. Rubutu na ba ni wuya in kasuwa na gudu, don haka murya nake ɗauka a waya, daƙiƙa kaɗan, in haɗa da hoton allo. Ƙarshen mako in na saurara, daga saurin maganata kaɗai nake gane cinikin da bai kamata in shiga ba. Masu bincike Barber da Odean sun duba asusun hannun jari na gidaje sama da 66,000 tsakanin 1991 da 1996, masu yawan saye da sayarwa suka tashi da kashi 11.4 a shekara alhali kasuwa ta ba da 17.9. Yanzu ina ƙirga yawan shigata a mako kamar yadda nake ƙirga riba.

Sabuwar Shiga: Don Allah yayyena, ni har yanzu a asusun gwaji nake. Akwai amfanin in fara?

Uwar Lissafi: Fara, ƙanwata, don hannunki ya saba. Sai dai ki sani shafin halin zuciya zai zauna kusan fayau, tunda kuɗin wasa ba ya hana barci. Ranar da kika sa kuɗin gaske, ko kaɗan ne, za ki ga ya fara cika.

Ɗan Gajeren Zango: Tsohon Hannu, ban taɓa raba su gida biyu ba kam. Zan zauna da na wata uku da suka wuce in ware. Amma cinikin da na shiga bisa tsari sannan na ja iyaka a tsakiya, wane gida zan sa shi?

Tsohon Hannu: Gidan waɗanda ka karya, ko da riba ka fita.